Lokacin da Safiya Ta Ɓoye Hannuwanta

A gidanmu na unguwar Port Richmond, a ƙasar Turawa, babu murhu, babu tsakar gida. Akwai dai wani tsohon ƙarfen hita na ɗumama ɗaki a ƙarƙashin tagar kicin, mai huci kamar mai mura idan sanyi ya shigo. A gefensa Kaka take shimfiɗa bargo bayan sallar magariba ta kira mu. Tun da ta rasu a sanyin bara ba na iya daɗewa kusa da irin wannan ƙarfe. Ina so in rubuta abin da na riƙe tun bai fara zubewa ba.

A sama muke haya, a wani tsohon gida mai daɓen katako. Baba direban tasi ne, yana bin layin fasinja a filin jirgin JFK, ya fita kafin la'asar, ya dawo mun yi barci. Mama tana kula da wata tsohuwa a Manhattan, kullum sai ta tsallaka a jirgin ruwa daga tashar St. George. Saboda haka aka ɗauko Kaka, mahaifiyar Baba, daga Kano don ta zauna da mu, ni da ƙanwata Safiya. Ina aji huɗu a lokacin. Kaka ta yi mini Hausa, in amsa mata da Turanci, ta ce bakina ya zama na kanti.

Safiya ba ta ji. Zazzaɓi mai zafi ne ya tafi da jinta tun tana goye. A shekarar da nake magana ta fara zuwa makarantar kurame, kuma ni da Mama mun koyi 'yan alamu kaɗan na hannu: abinci, ruwa, barci, bayi. Baba bai taɓa zuwa ajin da ake koya wa iyaye ba. Ya ce aiki. Gaskiya ne akwai aiki. Amma na lura idan ya shigo yakan shafa kanta ya wuce da sauri, kamar wanda ya taɓa tukunya a kan wuta.

Sunan mahaifiyar Kaka aka sa wa Safiya, don haka Kaka ba ta kiran sunan, sai dai ta ce Uwata. Idan ta fara tatsuniya, Safiya takan kalli bakinta na ɗan lokaci, sannan ta rarrafa ƙarƙashin tebur ta yi wasa da cokula. Sau da yawa Kaka takan tsaya a tsakiyar labari.

"Tashi, Rabi, ki yi aikin makaranta," takan ce mini. "Ba ta da daɗi. Ana bai wa ɗaya ana hana ɗaya."

Wata rana Kaka tana dakan yaji a ɗan turmin da ta zo da shi daga gida. Baba ya sha yi mata gargaɗi cewa a ƙasar nan ba a daka a bene, na ƙasa zai kai ƙara wurin landlord, mai gidan hayar, a kore mu. Tana cikin daka muka ji ana buga ƙofa. Kaka ta tura turmin bayan firji da ƙafa, ta dube ni.

"Je ki buɗe. Idan an tambaya, ki ce kujera ce ta faɗi."

Wata tsohuwa ce 'yar Indiya, gajera, baƙa kamar mu, da furfura a ɗaure a ƙeya da rigar sanyi a kan zanensu na gida. Ita ce take zaune a ƙasanmu tare da ɗanta, wanda yake aikin dare a wani asibiti. Na fara maganar kujera, ta ɗaga hannu. Ta ce da Turanci ba ƙara ta kawo ba, so take ta ga wanda yake kiɗan, don tun ɗazu take bin sa da ƙafa bai kuskure ba. Sannan idonta ya kai kan Safiya, wadda take zaune daidai inda turmin yake ɗazu, tafukan hannunta biyu a shimfiɗe a kan katako, tana jiran a ci gaba.

Matar ta cire takalmi ba tare da an ce ta shigo ba. Ta ɗan buɗe gwiwoyi, ta buga tafin ƙafarta a kan katakon. Safiya ta ɗago kai. Matar ta sake bugawa, a hankali, sannan da sauri. Safiya ta yi dariya, irin dariyarta mai ƙarfi da ba ta san tana da ƙarfi ba, ta buga katakon da hannu ta mayar mata.

Kaka ta yi kallon fina-finan Indiya da ƙuruciya, don haka ta tattaro 'yan kalmomin da ta riƙe ta gaishe ta da su. Matar ta yi dariya ta ce in gaya mata wannan yaren mutanen arewa ne, ita 'yar kudu ce, Tamil take ji. Sunanta Lalita, kuma kafin gwiwa ta hana ta, rawa take koyarwa.

"Ashe su ma ba baki ɗaya gare su ba," Kaka ta ce. "Kamar mu da Yarabawa. To ki ce wa Malama ta zauna. Kuma ki ce mata rawarsu na san ta tun ba a haifi ubanku ba."

Malama Lalita ta ce abin da Kaka ta gani a fim miya ce da aka haɗa daga tukwane da yawa, ita za ta nuna mata tukwanen.

Da Baba ya ji labari bai so ba. Ya taɓa leƙa ɗakinsu wata rana da ya taimaka musu da kaya, ya ga wani mutum-mutumi na tagulla da fitila a gabansa. Ya ce mutanen kirki ne, amma masu bautar gumaka ne, kada ya ji ɗayanmu ta sauka ɗakin nan. Kaka ta ce to. Bayan ya fita ta dube ni.

"Kin ji abin da ya ce. Kada ku sauka. Bai ce kada ta hau ba."

Haka Malama Lalita ta riƙa hawowa da yamma, ni ina tsakiya ina tafinta. Daga bakinta na fara jin sunayen da har yau nake faɗa a hankali. Tata rawar ita ce Bharatanatyam, ta ƙasar Tamil, wadda ta girma a ɗakunan ibadarsu, a durƙushe rabi ake yin ta, ƙafa tana dukan ƙasa. Akwai Kathak ta arewa, wadda ta ce asalinta masu yawon ba da labari ne gari-gari, daga baya ta shiga fadar sarakunan Musulmi. Kaka ta ji daɗin wannan, ta sa na maimaita. Akwai Kathakali, ta bakin teku a Kerala, inda maza suke shafe fuska da launi su kwana suna ba da labari da ido da gira. Akwai Odissi, wadda ta ce idan mutum ya je zai ga siffarta a sassaƙe a jikin duwatsun da suka girmi kakannin kakanninta. Akwai kuma ta mutanen tsaunukan Manipur, da ba a ɗaura mata ƙararrawa a ƙafa. Ta ce akwai wasu, amma gwiwarta ba ta kai su.

Abin da ya kama Kaka shi ne hannu. Malama Lalita ta nuna mana cewa a wurinsu yatsu suna magana. Ta haɗa yatsun tsakiya da babban yatsa, ta miƙe na gefe, sai ga kan barewa. Ta buɗe yatsu ɗaya bayan ɗaya, fure ya buɗe. Wata, kogi, tsuntsu, maciji, sarki, tsoro. Kaka ta riƙa koyo da yatsunta masu amosani, tana mita. Babu kura a cikin abin da Malama ta sani, sai Kaka ta ƙirƙiro tata: ta karkace kafaɗa ɗaya, ta yage baki. Malama Lalita ta yi dariya har da hawaye ta ce wannan ta ci jarrabawa.

Daga nan tatsuniya ta sauya a gidanmu. Kaka ta daina buɗe ta yadda aka saba. Sai ta buga dunduniya a kan katako, Safiya ta fito daga duk inda take, sannan ta ce, "Ga ta nan tafe, ku buɗe ido." Ni kuma in ce, "Ta iso mu gan ta." Baki yana yi mini, hannu yana yi wa Safiya.

Wadda Safiya ta fi so ita ce ta asalin rawa. Malama Lalita ce ta ba mu ita da allolinsu a ciki. Kaka ta zauna ta tsince su ɗaya bayan ɗaya kamar tsakuwa a shinkafa, ta bar abin da za ta iya ci.

Wai a can da, a ƙasar Indiya, ilimi duka yana cikin littattafai huɗu, kuma 'yan kaɗan ne aka yarda su ji karatunsu. Sauran mutane suna bakin ƙofa. Manomi yana waje, mai wanki yana waje, mata suna waje. Da abin ya daɗe sai zukatan na waje suka bushe, suka riƙa faɗa a kan abin da bai kai ya kawo ba. Sai aka je wurin wani tsoho mai hikima aka ce ya yi wani abu. Tsohon ya shiga ya buɗe littattafan. Ya ɗebi magana daga na farko, ya ɗebi waƙa daga na biyu, ya ɗebi motsin jiki daga na uku. A na huɗu ya daɗe yana nema, sannan ya ɗebo abin da zuciya take ji. Ya kwaɓa su wuri guda, ya fito da su bakin ƙofa ya ce, ga wanda ba a karantawa, kallo ake yi, kuma ba a hana kowa.

Daga nan sauran ƙarin Kaka ne. Wai 'ya'yan tsohon suka watsu da abin. Wanda ya yi kudu ya tarar da ƙasa mai tauri, sai ya durƙusa yana dukanta. Wanda ya yi arewa ɗan surutu ne, ya tsaya a miƙe yana juyawa yana ba da labari a kowace kasuwa. Wanda ya kai bakin teku, ƙarar ruwa ta hana a ji shi, sai ya shafa kore a fuska ya koma magana da ido. A nan Kaka takan zare ido ta juya su, Safiya ta faɗi a kan bargo don dariya. Autan kuwa ya hau tsauni ya tarar mutane suna barci, sai ya yi tasa a sanɗa. Idan ta kai nan takan ɗora yatsa a leɓe, mu duka mu yi sanɗa zuwa ɗakin kwana.

Na san Baba bai san yadda abin ya yi nisa ba. Mama ta sani, ta yi shiru. Duk lokacin da na ji mota ta tsaya a waje nakan leƙa taga in ga ko shi ne.

Ranar da abin ya faru dusar ƙanƙara ta sauka tun rana, aka dakatar da jirage, babu fasinja. Ba mu ji shigowar Baba ba saboda hucin hita. Kaka ta buga dunduniya, Safiya ta fito da gudu. Kafin ta zauna sai ta yi wani abu da ta ga Malama Lalita tana yi kullum kafin ta fara rawa: ta haɗa ƙafafu, ta sunkuya, ta taɓa katakon da hannu biyu, ta kai hannun idanunta. Ban taɓa ganin ta yi ba sai ranar. Da na ɗaga kai Baba yana tsaye a ƙofar kicin, ƙanƙara tana narkewa a kafaɗarsa.

"Mene ne wannan?"

Ya juya wurin Kaka.

"Inna, mene ne wannan? Sujada take yi? Wa take yi wa?"

Kaka ba ta kiran sunan Baba, ɗan fari ne. Ta gyara mayafinta.

"Cire takalminka tukuna, kana jiƙa mana bargo."

"Inna, don Allah. Na fita neman abin da za a ci, na bar miki amana, in dawo in tarar 'yata tana bautar ƙasa? Rabi! Matar nan tana shigowa gidan nan?"

Na ce eh, da Turanci.

"Wannan ban koya mata ba," Kaka ta ce. Muryarta ba ta tashi ba. "Yau na fara gani, kamar yadda ka gani. Kuma ka yi gaskiya, ba namu ba ne, za a hana ta. Amma sauran, tatsuniya ce."

"Duka za a bari. Hannun, ƙafar, matar, duka. Abin da aka haifa a ɗakin gunki ba zai zauna a gidana ba. Gobe a masallaci a ce 'yar wane tana rawar Hindu?"

"Wa zai faɗa musu?" Kaka ta nuna Safiya. "Ita?"

Baba ya kawar da kai.

"To," Kaka ta ce. "Gidanka ne. Ka hana. Amma ni ba zan isar maka ba, Rabi ma ba za ta isar ba. Ga 'yarka nan. Gaya mata."

Ya juya ya dubi Safiya. Tana zaune a kan bargo tana kallon fuskokinmu ɗaya bayan ɗaya. Ya tsuguna a gabanta ya ce, "Safiya, ba kyau." Ya ƙara da ƙarfi, ya faɗa da Turanci, kamar ƙarfi zai buɗe kunnen. Ita kuwa ba ta taɓa ganin ya tsuguna a gabanta haka ba, ta ɗauka ya shigo wasan. Ta yi murmushi, ta ɗaga hannu ta yi masa barewa, ta kai ta har kusa da hancinsa.

Bai doke ta ba. Ina so a san wannan. Hannun kawai ya kama, ya runtse yatsun a cikin tafinsa, ya saukar da shi ƙasa da ƙarfi, ya girgiza mata yatsa a fuska. Ta ɗaga ɗaya hannun, ya kama shi ma.

Safiya ta dube shi. Ba ta yi kuka ba. Ta zare hannuwanta a hankali, ta cusa su a hammata, ta tashi ta shiga ɗaki.

Washegari da safe ba ta yi alamar abinci ba. Ta tsaya a gaban firji har Mama ta gane. Ba ta yi alamar ruwa ba, ba ta yi ta bayi ba, har ta jiƙa wandonta, abin da ta daɗe da bari. Abin da ta fahimta shi ne Baba ya hana hannu. Ba wani hannu ba, hannu duka. Mama ta tsuguna ta yi ƙoƙarin yi mata bayani da 'yan alamun da muka sani, amma a cikinsu babu "wannan ban da wancan". Kuma yaron da ba ya ji, idan ya rufe ido ya gama rufe ƙofa. Safiya ta koyi rufe ido.

Bayan 'yan kwanaki malamarta ta kira Mama a waya. Ta ce yarinyar ta daina amsawa a aji, tana zama a kan hannuwanta, ko wani abu ya faru a gida? Ta ce idan abin ya ci gaba dole su turo wani ya zo ya duba. Duk wanda ya yi renon yara a ƙasar nan ya san nauyin wannan magana, don hukuma tana iya raba iyaye da ɗansu. Na ji Mama da Baba suna magana ƙasa-ƙasa a ɗaki. Na ji Mama ta ce, "Kai ka ɗaure, kai za ka kwance." Na ji ƙofa.

Kaka ta daina shimfiɗa bargo. Bayan magariba takan zauna da carbi tana kallon taga. Ni aka aika in gaya wa Malama Lalita kada ta ƙara hawowa. A kan matakala na same ta, ta riga ta kamo hanya tana dafa bango. Na faɗa mata, ina kallon ƙafafuna. Ta tambaye ni dalili, na gaya mata. Sannan ta ce a wurinsu mai rawa yana neman gafarar ƙasa ne kafin ya fara dukanta da ƙafa, haka malamarta ta koya mata tun tana ƙarama, har ta daina sanin tana yi. Ta ce ba ta koya wa yarinyar ba, amma ta manta cewa yarinyar nan ba abin da yake wuce idonta. Ta juya za ta sauka, sai ga Kaka a saman matakala. Na fassara mata.

"Ki ce mata na gane," Kaka ta ce. "Ki ce mata mu Mai ƙasar muke roƙo. Kuma ki ce ba fushi."

Malama Lalita ta kaɗa kai irin nasu. Ta ɗaga hannu ta yi wata alama da ban sani ba, Kaka ta mayar mata. Ban tambaya ba.

Ranar Juma'a Baba ya dawo daga masallaci bai fita aiki ba. Juma'a da yamma ita ce ranar da direba ba ya wasa da ita, don haka duk muka san akwai magana. Ya yi ta kai-kawo tsakanin falo da kicin. Bayan magariba ya ɗauko bargon da kansa ya shimfiɗa a gefen hita, a karkace. Ya zauna a ƙasa da wandon aikinsa. Safiya tana ƙarƙashin tebur, hannu a hammata.

"Inna," ya ce, bai dube ta ba. "Yaya ake kiranta?"

"Da dunduniya."

Ya buga. Ƙarfin ya yi yawa, kofuna suka yi ƙara. Safiya ta zabura ta leƙo, ta ga shi ne, ta koma.

"A hankali, ba ƙofar gareji ba ce."

Ya sake bugawa. Ba ta fito ba. Muka zauna, hita tana huci. Na ga gumi a goshinsa cikin wannan sanyi.

"Dabbar nan da ta yi mini," ya ce. "Yaya ake yi?"

Kaka ta kama hannunsa, ta lanƙwasa masa yatsu. Yatsun Baba masu kauri ne, sun saba da sitiyari, ɗaya ya miƙe ɗaya ya ƙi. Ya kwanta a kan gwiwar hannu, ya tura hannun ƙarƙashin tebur. Daga inda nake ina ganin fuskar Safiya. Ta kalli hannun, ta kalli fuskarsa, ta rufe ido. Bai janye ba.

Da ta buɗe ido yana nan. Ta daɗe tana kallo. Sannan ta zaro hannu ɗaya daga hammata, ta kama ƙaramin yatsansa, ta miƙe shi, don barewar tasa kunne ɗaya gare ta.

Kaka ta juya fuska wajen taga.

Da Safiya ta fito ta tsaya a bakin bargo, na ga ta haɗa ƙafafu, ta dubi katako, ta dubi Baba. Baba ya girgiza kai a hankali. Ya buɗe tafukansa biyu sama kamar mai addu'a, ya motsa leɓe da bisimilla, ya shafa fuska. Ya jira. Ta buɗe nata, ta shafa. Tun daga ranar haka ake buɗe tatsuniya a gidanmu. Malama Lalita ba ta ƙara hawowa ba, Baba bai janye wannan ba. Amma Kaka takan same ta a wurin wanki a ƙarshen layi, su zauna a gaban injina suna hira da hannu, ba tafinta, har ɗanta ya sami aiki a wata jiha suka tashi. Baba ya fara zuwa ajin iyaye ranar Asabar. Bai taɓa ƙwarewa ba. Har yau Safiya tana cewa hannunsa yana da in'ina.

Da ina yarinya na ɗauka labarin masu tsayawa a bakin ƙofa labarin Safiya ne. Sai da na girma, na ga yadda Kaka take tsayawa a gaban likita ko mai kanti tana murmushi ana magana a kanta, na gane da wa take. Shekaru ta yi a garin da ba ta jin kowa, kowa ba ya jin ta. Ba tausayi kaɗai ya sa ta koyi yatsun nan ba. Ita da Uwarta a waje ɗaya suke tsaye.

A bara shanyewar jiki ta kama ta, ta ɗauke mata magana da hannun dama. Ta yi kwanaki a asibiti tana kallonmu. Ni mai kunne, mai Hausa da Turanci, ban iya mata komai ba. Safiya, wadda yanzu take koyarwa a makarantar kurame, ita take zama a gefen hagu. Abin da suke yi ba yaren makaranta ba ne, ba na Malama Lalita ba ne, wani abu ne da suka gina tsakaninsu wanda ni na bari ya wuce ni.

Ranar ƙarshe da take cikin hankalinta, Baba yana tsaye a ƙarshen gado tun safe. Kaka ta dube shi, ta motsa yatsun hagu a kan bargon asibiti. Ya matso, ya sunkuya, bai gane ba. Ta sake yi. Ya juya wurin Safiya, ya tambaye ta da hannunsa mai in'ina: me ta ce?

Safiya ta share ido da bayan hannu, ta amsa masa a hankali yadda zai iya bi.

Ta ce ka je ka ci abinci.

Bai je ba. Ya ja kujera ya zauna tsakaninsu, inda zai riƙa ganin hannuwan duka biyu.